Kada a Taɓa Akwatin

Injin ya iso ne a ranar da ba ta shago. Ta je wata makaranta auna idanun ɗalibai, kafin ta dawo babbar motar ta sauke kaya ta yi gaba. Yayanta ne ya karɓa. Da ta shigo ta same shi zaune a kan wani ƙaton akwatin katako, yana kaɗa ƙafa, baki har kunne.

"Likita, ga amaryarki ta tare," in ji shi. "Nauyi kamar an cika ta da duwatsu. Sai da maƙwabta suka kama mana."

Duk gida Likita ake ce mata tun da ta shiga jami'a karatun ido, har ta gaji da bayanin cewa ita ba likita ba ce. Shagon tabarau ta buɗe bayan ta gama. Tana auna ido, ta taya mutum zaɓar firam, amma yankan gilashin sai ta aika wani wuri, ta yi ta jira, tana ba mutane haƙuri har bakinta ya bushe. Wannan injin shi zai raba ta da jira, don shi ke yanka gilashi daidai da firam a cikin ɗan lokaci. Duk abin da ta tara tun buɗe shagon a kansa ya ƙare.

Ta ajiye jaka ta fara zagaya akwatin tana shafa shi. Gaba lafiya, gefe lafiya. Da ta leƙa ɓangaren da ke jikin bango sai ta tsaya cak. Can ƙasa-ƙasa akwai rami a jikin falankin, mai faɗin tafin hannu, katakon ya karye ya lotsa ciki, wata ƙusa ta turo kai waje a karkace.

"Yaya, wannan fa?"

Ya leƙo. "A'a! Yaushe wannan ya fito?"

"Ni zan tambaye ka. Ba ka duba ba kafin ka sa hannu?"

"Direban sauri yake, ya tare hanya ana ta yi masa hon. Amma ai na ɗauki hoto."

Ya miƙa mata waya. Ga shi nan tsaye jikin akwatin a bayan mota ya ɗaga babban yatsa. Ga shi ya dafa akwatin kamar wanda ya sayi sabuwar mota. Ga shi da direba suna dariya. Duk ta ɓangaren da ba abin da ya same shi.

Suka cire murfin. Tun kafin ta gama yaye soson da aka naɗe injin da shi ta ji wani abu yana ƙaras-ƙaras. Jikin injin ya tsage daga ƙasa har kusa da allon gilashin da ke nuna awo, allon kuma ya yi tsaga kamar saƙar gizo-gizo. Sandar da ke riƙe gilashi ta ɗan kwanta gefe. Likita ta zauna a kujerar da take zaunar da masu gwaji, ta miƙe, ta sake zama.

Matar da ta ɗauki waya a kamfanin jigilar kaya ta yi maganar a jere, da jin ta an san ta saba faɗa. Tunda an sa hannu cewa kaya sun iso lafiya, sai mai duba ɓarna ya zo ya gani da idonsa. Idan ya tabbatar a hannunsu abin ya faru, za a kawo sabon inji.

"Amma Malama, ki saurara da kyau. Kada a taɓa komai. Injin, soson, akwatin, har ƙusoshin. Musamman akwatin. Shi kaɗai ne shaidarki."

"Na ɗauki hoton ramin."

"Hoto ba ya wadatarwa. A bar shi yadda ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Za a kira ki."

Daga nan jira ya fara. Shagon ɗan ƙarami ne, akwatin ya cinye rabinsa. Tura shi da aka yi don a buɗe murfi ya sa ramin ya koma fuskantar ƙofa, kuma yanzu ba damar a sake motsa shi. Duk wanda ya shigo sai ya bi ta gefe ya matse ciki. Likita ta kasa zama wuri ɗaya. Ta goge madubai, ta jera firam, ta rushe ta sake jerawa. Wayarta ta koma kamar wani gaɓa a jikinta, ko alwala za ta yi sai ta ajiye ta inda za ta ji ƙara. Sau da yawa takan kira kamfanin, in an ɗauka kunya ta kama ta, ta ce daman tana so ne ta tabbatar suna da lambarta daidai.

Abin da ya fi hana ta sakat shi ne Baba.

Baba kafinta ne, ya ajiye sana'a da baki, hannunsa bai ajiye ba. Shi ya yi kantar shagon, shi ya yi kantocin da ke jikin bango, shi ya kafa ƙofar, don haka yana da nasa makullin. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya karkace ya wuce. In ya je gaisuwa gidan mutane ya zauna a kujerar da ke rawa, kafin a kawo masa ruwa ya kifa ta yana duba ƙafafunta. Kullum da safe yakan biyo ta shagon, ya zauna ɗan lokaci, ya ɗaure abin da ya kwance, ya wuce.

Ranar da ya fara ganin ramin ya durƙusa a gabansa kamar mai duba mara lafiya. Ya sa yatsa ya bi bakin karayar a hankali.

"Ƙarfe ne ya soke shi," ya ce. "Kuma wanda ya haɗa akwatin nan bai san aikinsa ba. Dubi falanki kamar takarda."

"Baba." Idonta na ƙasa. Ba ta taɓa hana shi wani abu ba tun da take. "Sun ce kada a taɓa. Har akwatin. Mai dubawa zai zo."

"To, Uwata. Wa ya ce zai taɓa?"

Amma yatsansa bai bar wurin ba. Washegari ya zo da guduma a aljihun riga, ta ga kan gudumar ya leƙo. Ya zauna ya juya wa akwatin baya, can kuma ya waiwaya. Likita ta samo zani ta rufe ramin. Ya ce zanin ma a karkace yake.

"Ka yi masa magana mana," ta ce wa Yaya da yamma. "Kai yana jin taka."

"Ni? Ke da ake ce wa Uwata? Ni ai har yau Wannan Yaron nake." Ya yi dariya. "Kwantar da hankalinki. Tsoho ne, ba yaro ba."

Kwanaki suka ja. Wata rana da hantsi wata dattijuwa ta zo karɓar tabarau, tana bi ta gefen akwatin mayafinta ya kama ƙusar nan ta cikin zanin. Ƙyat! Ya yage har kusan kamu guda. Dattijuwar ba ta yi faɗa ba, ta dai dubi mayafin, ta dubi akwatin, sannan ta dubi Baba da ke zaune a kusurwa.

"Ikon Allah. Ashe ma da kafinta a gidan."

Ta faɗa ne da wasa, har da 'yar dariya. Likita ta yi ta ba da haƙuri, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta ga Baba ya cire hula yana murza ta a gwiwa. Can ya tashi ya tafi tun kafin lokacin tafiyarsa.

A ranar da la'asar wayar ta yi ƙara. Mai duba ɓarna zai zo gobe da safe. Likita ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Tana shiga gida ta faɗa, tun daga tsakar gida, abin da ba halinta ba.

"Gobe zai zo! Gobe mutumin kamfanin zai zo!"

"Baƙo ke nan," in ji Baba daga ɗaki. "Babban mutum ne?"

"Ban sani ba, Baba. Shi dai zai duba."

"To, madalla."

Ta yi sammako, amma tun daga nesa ta hango ƙofar shagon a buɗe. Motar shara ta wuce ta a kwanar layin tana ƙugi, ta kauce mata ba tare da ta ko kalle ta ba. Ta ƙara sauri. A bakin ƙofa ƙanshin ya tare ta, na sabon katako da gam.

An share shagon tas. An ninke zanin an ɗora a kan kanta. Akwatin na nan inda yake, sai dai babu rami. Sabon falanki ne a wurin, an yanka shi daidai, an goge bakinsa, an jera masa ƙusoshi a layi kamar da ma'auni. A gefe kuma ga wani ɗan tebur da ba ta san shi ba, gajere, mai ƙafafu masu kauri.

Baba na tsaye yana goge hannu da tsumma.

"Injin ban taɓa shi ba, ko da ɗan yatsa," ya ce tun kafin ta buɗe baki. "Shi ne abin da mutumin zai duba. Amma a ce baƙo ya shigo shagon 'yata ya tarar da wannan abin kunya a bakin ƙofa, yana yaga wa mutane tufafi? Ina raye?" Ya nuna teburin. "Tsohon falankin ma bai tafi a banza ba. Na yanke inda ya lalace, mai kyaun na yi miki wannan da shi. In sabon injin ya zo, a nan zai zauna."

Likita ta ajiye jaka, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Ta je ta shafa sabon falankin. Santsi kamar fatar jariri.

"Inda ya lalacen fa, Baba? Yana ina?"

"Na zuba a shara da sauran tarkace."

Ta fita da gudu. Kwandon sharar da ke bakin layi wayam, sai ƙudaje. Tana nan tsaye babur ya tsaya a ƙofar shagon, wani mutum mai furfura a gemu ya sauko, ya cire hular kwano, ya rataya jaka. Ya dubi allon shagon, ya dube ta.

"Malama, ke ce mai injin?"

Ya gaida Baba da ladabi, ya ƙi zama. Ya fito da awo da ƙaramar fitila ya fara da injin. Ya duba tsagar, ya girgiza kai, ya ce lallai an yi ɓarna. Sannan ya durƙusa ya zagaya akwatin. A gaban sabon falankin ya tsaya. Ya shinshina. Ya sa farce ya taɓa gam ɗin da bai gama bushewa ba.

"Wa ya taɓa wannan?"

Ta yaya Likita za ta nuna mahaifinta a gaban baƙo? Baba ne ya hutar da ita.

"Ni ne," ya ce, ya ɗan gyara tsayuwa. "Da ka ga yadda yake, da ba ka so ba."

"Shi nake so in gani, Baba."

"Ramin?"

"Ramin na zo dubawa." Mutumin ya miƙe yana dafa gwiwa. Bai ɗaga murya ba. "Injin da muke ɗaga kaya da shi a ma'ajiyarmu yana da haƙoran ƙarfe. In ya soki akwati, faɗin ramin yakan yi daidai da haƙorin, kuma yakan bar fentinsa a bakin katakon. In na auna na ga haka, magana ta ƙare, laifinmu ne. In babu wannan, me zan rubuta? An sa hannu kaya sun iso lafiya. Na sama da ni za su ce a nan aka kayar da shi wurin shigo da shi."

"Ga hoto," in ji Likita. Ta miƙa masa wayar.

Ya duba, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya kawo shi kusa da ido. "Na ga rami. Amma a cikin shagonki aka ɗauka, kuma ba na iya auna hoto. Akwai na lokacin da yake kan mota?"

Ta tuna Yaya da babban yatsansa. Ta girgiza kai.

Baba ya dubi falankin da ya kafa, ya dubi mutumin, ya dubi 'yarsa. Tsumman ya faɗi daga hannunsa bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Akwai fenti," ya ce a hankali. "Rawaya. Na gan shi a bakin karayar. Na rantse na gan shi."

"Ban ƙaryata ka ba, Baba. Amma rantsuwa ba ta shiga rahoto." Mutumin ya mayar da awonsa jaka. Ya dubi Likita da ta ƙura wa ƙasa ido. "Ina da wasu wurare a nan kusa. Sai bayan azahar zan tura rahoton. In kun samo guntun kafin nan, ki kira ni in dawo. Ban yi alkawarin za su karɓa ba, amma zan auna."

Ƙarar babur ɗin ba ta gama ɓacewa ba Baba ya zura takalmi ya fita. Likita ta tsaya tsakiyar shagon, ranta na tafasa. Maganganu suka cika mata baki, waɗanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce a ranta bari ya tafi. Ta ɗauki tsintsiya, ba abin sharewa. Ta leƙa waje. Can ƙarshen layi ta hango shi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, yana sauri irin na tsofaffi, wanda jiki ke gaba ƙafa na biyo baya. Ko hula bai ɗauka ba.

Ta ɗauki hular, ta kulle shagon, ta bi shi.

Suka tambayi mai gadin wani gini inda motar sharar ke juyewa, ya nuna musu hanya da haɓa. Suka shiga motar haya. Baba ya zauna a gefen kujera kamar mai shirin dirowa, yana ta gaya wa direba ya taka. Likita ta kira Yaya.

"Juji? Ke da Baba? Likita, kin san me kike faɗa kuwa?"

"Ka zo ka taya mu nema."

"Ina wurin aiki. Wai guntun katako? A juji?" Can muryarsa ta sauya. "Gani nan. Kada ki bar shi ya hau ko'ina."

Jujin fili ne babba bayan wasu rumbunan ajiya, motoci na shiga suna fita, wata katafila na tura shara tana tara ta tudu-tudu. Wari ya buge su tun daga ƙofa. Likita ta ja mayafi ta rufe hanci. Wani ma'aikaci mai dogon takalmin roba ya saurare su, ya share gumi, ya nuna wani yanki da hannu.

"Na safe duk can aka zuba. Amma an riga an bi ta kai."

Baba ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Ya samo sanda yana tona. Duk katakon da ya gani sai ya ɗaga, ya juya shi, ya yar. Ƙafar kujera, murfin akwatin tumatir, guntun ƙyaure. Likita ta tsaya a gefe tana duba agogon waya, can ta ga ba za ta iya tsayuwa ba, ta tattare siket ta shiga ita ma. Yaya ya iso da takalminsa mai sheƙi, ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya ga fuskar Baba, ya rufe. Ya cire agogo ya sa a aljihu ya kama tono.

Rana ta take. Katafilar ta dawo ta turo sabon tudu a kan inda suka fara. Sau ɗaya Baba ya ɗaga wani falanki mai rawayan fenti ya yi kira da ƙarfi, suka ruga, ashe guntun allon talla ne. Ya riƙe shi ya daɗe kafin ya sake shi.

Aka kira azahar daga wani masallaci can nesa. Likita ta dubi Baba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa na fita da ƙyar, wani abu ya yanke shi a bayan hannu bai ma sani ba. Ya sake ɗaga sanda.

"Baba, ya isa."

"Saura can ɓangaren."

"Ya isa, Baba." Wannan karon ta dube shi ido cikin ido, ta kama sandar. Ya ɗan ja, ta ƙi saki. Sai ya sakar mata.

Ta koma gefe ta kira mai duba ɓarna. Ta gaya masa ba su samu ba. Ya ce ya yi baƙin ciki, zai rubuta abin da ya gani, kuma gaskiya kada ta sa rai da sabon inji. Ya ba ta shawarar ta nemi kamfanin da ya ƙera shi, wataƙila su sayar mata da allon da sandar daban. Ta yi masa godiya. Ta yi mamakin yadda muryarta ta fita daidai.

Yaya ya tafi neman mota. Su biyu suka zauna a kan wani dogon dutse a bakin hanya, a 'yar inuwar katanga. Ta zuba ruwan gora a hannunsa ta wanke yankan. Bai dube ta ba.

"Uwata," ya ce can. "Kin faɗa mini. Da bakinki kika faɗa mini."

"Na faɗa."

"Duk wahalarki."

Ba ta ce ba komai ba, don da komai. Ta yage gefen hankicinta ta ɗaure masa hannun, ta ƙulla, ta ga ƙullin ya yi sako-sako, ta kwance ta sake.

"Gobe zan fara neman mai gyara," ta ce. "Wanda ya san irin injin. Zai ɗauki lokaci."

Ya gyaɗa kai. Motar haya ta tsaya a gabansu, Yaya ya leƙo ta taga yana gaya wa direba ya yi haƙuri da warin, daga wurin aiki suke. Likita ta kama Baba ta gwiwar hannu ta tashe shi, ta buɗe masa ƙofar gaba.